Wa Ya Goga Wannan Goge?

Da aka zo rabon kayan marigayi kawuna, Allah ya jiƙansa, babu wanda ya yi jayayya da ni a kan wani tsohon akwatin kwano da ke ƙarƙashin gadonsa, domin ba kuɗi a ciki, ba takardar fili. Kawun nawa yana cikin samarin Nijar da aka tura karatun aikin gona a Tarayyar Sobiyet a shekarun 1970, ya dawo ya ƙare rayuwarsa a bakin gonakin noman rani na Birnin Ƙonni. Abin da na tarar a akwatin kashi biyu ne: faya-fayan garmaho da ya zo da su daga Mosko, da kuma tarin kaset-kaset da ya riƙa saye a kasuwar Ƙonni da ta Illelar Nijeriya, yawancinsu na goge da kukuma da gurmi. Na yi wata guda ina sauraron kashi biyun, kuma abin da na gani shi ya hana ni yin shiru.

Bari in fara da faifan Mosko, don mai karatu ya san abin da ake magana a kai. Turawa suna da wani tsarin kiɗa da suke kira kwartet, wato kiɗan tsirkiya na mutum huɗu: biyu suna riƙe da ƙananan goge irin nasu, ɗaya da matsakaici, ɗaya da babba wanda ake tokarawa a ƙasa a riƙe tsakanin gwiwoyi. Ba mawaƙi, ba ganga, ba ƴan amshi. Tsirkiyoyi ne kawai suke zance da junansu. Faifan da ke hannuna na kamfanin Melodiya ne, kamfanin faya-fayai na gwamnatin Sobiyet da aka kafa a 1964, masu kiɗan kuwa ƙungiyar Borodin ce, suna goga abin da Shostakobic ya tsara. A bayan kwalin an rubuta sunan kowane ɗaya daga cikin mutanen huɗu da abin da yake riƙe da shi, da sunan mai tsara kiɗan, da shekarar da aka ɗauka, har da sunan ma'aikacin da ya zauna a gaban na'urar ɗaukar sauti.

Daga waɗannan ƴan layuka mutum zai iya bin sawu har ƙarshe. Ɗaliban makarantar kiɗa ta Mosko ne suka kafa ƙungiyar a 1945, ta ɗauki sunan Borodin a 1955. Mai babban gogensu, Balentin Berlinski, ya zauna a kujerarsa shekara 62, har 2007. Shostakobic, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1975, ya tsara kwartet 15, kuma waɗannan mutane sun riƙa goga masa su a gabansa yana gyara musu. Sun ɗauki 13 na farko a faifai kafin a tsara biyun ƙarshe, sa'annan bayan jagoransu na farko ya bar ƙasar a tsakiyar shekarun 1970, suka sake ɗaukar 15 ɗin duka da sabon jagora. Har yau masu sauraro a duniya suna gardama a kan wanne ɗauka ya fi, na farko ko na biyu, kamar yadda ƴan kallon kokowa suke gardama a kan gwanayen jiya da na yau. Suna iya wannan gardama ne saboda duka biyun suna nan, da suna, da shekara.

Sai na juya ga kaset ɗin da ya fi kama mini zuciya. An rubuta masa kalma ɗaya tak da biro: goge. Mai gogen gwani ne na ƙin ƙarawa. Yana jan izga ɗaya ta yi kuka, ta yi dariya, ta faɗi kirari ba da baki ba, ƙwarya tana bin sa a baya kamar ta san inda zai sa ƙafa. Daga karin harshen mai waƙar, da sunayen garuruwan da ake ambata, babu shakka mutumin yankin nan ne, tsakanin Ƙonni da Adar. Na kai kaset ɗin wurin wani dattijo da ya yi shekaru yana sayar da kaset a kasuwa, ya saurara, ya ce: "Ɗana, na san hannun nan, amma sunan ya ɓace mini." Na kai wa wata tsohuwa a unguwarmu, ta ce an goga wannan a bikin ƙanwarta, amma mai gogen ya daɗe da rasuwa, ƴaƴansa kuma sun bar sana'ar. Nan sawu ya ƙare. Mutumin da ya rayu ƙila tafiyar yini guda daga ƙofar gidanmu ya fi mini nisa a kan mutanen Mosko huɗu da ban taɓa taka ƙasarsu ba.

Ga abin da nake son faɗa, kuma ba zan sa masa zuma ba: abin da ya mai da faifan Rasha gado na duniya, ya bar namu a kwandon shara, aikin ajiya ne da rubuta suna, kuma mu ne muka ƙi yin wannan aiki. Laifin bai rataya a wuyan talauci ko Bature kaɗai ba. Na san amsoshin da za a ba ni, domin na sha jin su a majalisu, kuma zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Amsa ta farko ta ƴan boko ce, masu cewa ai kiɗan Turawa rubutacce ne, ilimi ne mai zurfi, namu kuwa kiɗan ƙauye ne na biki da roƙo, bai kai a yi masa kundi ba. Waɗannan ba su san tarihin abin da suke yabo ba. Sashen da ya fi shahara a kwartet na farko na Caikobski, wanda ya tsara a 1871, an gina shi ne a kan wata waƙar ƙauye da ya ji wani ma'aikaci yana rerawa a gidan ƴar'uwarsa a Kamenka, kuma wannan sashe ne ya sa babban marubuci Tolstoi zubar da hawaye a 1876. Ashe ruwan da suka sha daga rijiyar ƙauye suka ɗebo shi. Sa'annan in har kiɗansu rubutacce ne, to hujjar ta juyo kan mai ita: ko da faya-fayansu duka sun ƙone, takarda tana nan, wasu huɗu za su zauna su sake gogawa. Mu fa? Gogenmu ba ya kan takarda. Yana cikin yatsun mai shi, da yadda ya ɗaura fatar guza a kan ƙoƙo, da yadda ya shafa ƙaro a izga. Ran da ya mutu, in babu ɗauka, shi ke nan. Wanda ba shi da rumbu biyu shi ya fi kamata ya tsare ɗayan da yake da shi.

Ko masananmu da suka yi ƙoƙari, yawancin ƙoƙarin ya tsaya a kan baitoci. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da ɗalibansa sun yi aikin da ya cancanci godiya wajen tattara tarihin makaɗa da rubuta waƙoƙin baka. Amma mai goge rabin maganarsa ba da baki yake yin ta ba. Za ka iya rubuta duk abin da Ahmadu Doka ko Hassan Wayam suka rera, ka cika littafi, ba ka kama ko kashi ɗaya na abin da kukumarsu ta faɗa ba. Haka gurmin Haruna Uji, haka kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Waɗannan ma shahararru ne, sunansu ya tsira. Na ƙauyukan Bazaga da Tsarnawa da Dogerawa da Badagishiri, waɗanda ba su taɓa shiga ɗakin ɗaukar sauti na birni ba sai rediyon wani mai sha'awa da aka ajiye a gabansu a dandali, su wa zai tuna?

Amsa ta biyu ta fi nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Ana cewa goge kiɗan bori ne da gidajen mata masu zaman kansu, malamai sun yi hani da shi tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, don haka ɓacewarsa alheri ce. Gaskiya ne malaman jihadi sun soki kayan kiɗa irin wannan, kuma gaskiya ne a ƙasar Ƙonni da Adar goge ya daɗe yana tafiya tare da bori. Duk wanda ya san Masallata da al'adun arnanta ya san ba a ɓoye abin yake ba. Ba na kiran kowa zuwa ga bori, ba na kuma neman wani malami ya sauya fatawarsa. Tambayata ita ce: tun yaushe ajiye shaida ya zama yarda da abin da shaidar ta ƙunsa? Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta labarin ƙasashen da suka yaƙa da al'adun mutanensu a Infaƙul Maisuri, bai ce a shafe su daga tarihi ba. Malaman Larabci sun adana waƙoƙin jahiliyya, suna karantar da su har gobe a zaurukanmu, saboda harshen da ke cikinsu. Abul Faraj al-Isfahani, a ƙarni na 10, ya tara Kitabul Agani, inda yake kawo waƙa ya faɗi wanda ya yi baitocin, da wanda ya sa mata kari, da irin kiɗan da ake yi mata. Al-Farabi ya rubuta babban littafi a kan kiɗa, har ya yi bayanin rababa, ƴar'uwar gogenmu. Mu da muka gaji al'ummar da ta fi kowa kula da cewa wane ya ji daga wane, ba ina daidaita kiɗa da ilimin addini ba, Allah ya kiyaye, amma abin kunya ne a ce ɗabi'ar rubuta sunan mai magana ta gagare mu a kan abin da ya fito daga gidajenmu.

Kuma a cikin kaset-kaset ɗin nan ba iskoki kaɗai ake kira ba. Akwai sunayen sarakuna da hakimai, da fataken da suka yi tashe, da shekarun yunwa, da kirarin garuruwa, da kalmomin Adaranci da Ƙonnanci da yaran yau ba su taɓa ji ba. Garin da rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone a 1899, aka kashe mutanensa ba adadi, ya san abin da ake nufi da a shafe tarihin mutane da wuta. Bai kamata jikokinsa su ƙarasa aikin da hannunsu ba, ta hanyar sakaci.

Rashawa ma ba wai hukumarsu ta ƙaunaci kiɗan Shostakobic ba ne kullum. A 1948 jam'iyya ta yi Allah wadai da shi a bainar jama'a. Kwartet ɗinsa na huɗu, wanda ya gama a 1949, sai da ya kwana a aljihun tebur har Istalin ya mutu a 1953 kafin a goga shi a fili. Na takwas, wanda ya tsara cikin kwana uku a 1960 kusa da birnin Dresden da yaƙi ya rusa, ya saƙa haruffan sunansa a cikin sautin, kamar mai rubuta wa kansa alamar kabari. An tsangwami mutumin, amma ba a bar aikin ya ɓata ba, domin akwai waɗanda suka ɗauki ajiya a matsayin amana, ko sarki na so ko ba ya so.

Amsa ta uku ta samari ce: ai komai yana waya yanzu, je ka wurin masu turi a tasha su cika maka katin waya da tsofaffin waƙoƙi da kuɗi kaɗan, ko ka duba YouTube. Na je, na duba. Abin da ke can kwafin kwafin kwafi ne, an matse sautin har izga ta koma kamar kukan sauro, an yanke farko, an yanke ƙarshe, an laƙa wa waƙar wani sunan wani, ko a rubuta "tsohon goge" a wuce. Yawo daban, ajiya daban. Wayar da ta faɗa rijiya ta tafi da abin da ke cikinta, shafin da kamfani ya rufe ya rufu. Kuma asalin da aka kwafo daga gare shi yana mutuwa: zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura irin namu, yana manne wa juna, yana saki. Tun a 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya suka yi gargaɗin cewa na'urorin da ke karanta irin wannan zare da kayan gyaransu suna gab da ƙarewa, suka ambaci wajen 2025. Wa'adin ya riga ya wuce. Nemi rediyo mai cin kaset da ke aiki sosai a Ƙonni yau, ka ga yawon da za ka sha.

Amsa ta huɗu ta ma'aikatan al'adu ce, masu nuna bukukuwa da gasa. Ba na raina gasar da aka sa wa sunan Ɗan Gurmu na Tawa tun shekarun 1980, ta fito da mawaƙa da yawa. Amma sa wa gasa sunan mutum abu ne mai sauƙi. Tambayar ita ce, ɗalibi a Malbaza ko Illela da yake son jin dukkan abin da Ɗan Gurmu ya bari, a jere, da shekara da wurin ɗauka, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa? Biki na kwana uku ne, a ci a sha a watse. Kundi aikin shekaru ne da ba a yi masa tafi, shi ya sa ba mai son sa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ɗaya daga cikin tsofaffin faya-fayan kiɗan Nijar da duniya ta sani, ɗan asalin daular Rasha ne ya ɗauke shi. Tolia Nikiprowetzky, wanda aka haifa a Kirimiya a 1916 ya girma a Faransa, ya zagaya Nijar a farkon shekarun 1960 da na'urarsa, kamfanin Ocora na rediyon Faransa ya fitar da faifan kiɗan maroƙan Nijar da na makiyayanta, da bayani a rubuce. A Nijeriya David Ames ya yi irin wannan a ƙasar Zazzau, shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Jacqueline DjeDje ta buga littafi sukutum a 2008 a kan gogen Fulani da Hausawa da Dagwamba. Muna iya cewa baƙi sun kwashe mana kaya, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai abin da suka kwasa yana nan da lamba da kwanan wata, abin da suka bar mana kuwa gara da zafi suna ci.

Ba wai ba mu da inda za mu fara ba. A Yamai akwai cibiyar CELHTO, wadda aka kafa a 1968 don tattara tarihin baka, akwai IRSH ta jami'a, akwai Muryar Sahel da ta gaji Rediyo Nijar na 1958, akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya. A Tawa akwai jami'a mai ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin tarihin Adar. Sakkwato da jami'arta kusan kilomita 100 ce daga nan. Muna kuma da misalin abin da mutum ɗaya zai iya. Malam Maman Barka, gwanin gurmi, ya tafi bakin tafkin Cadi a 2002 ya durƙusa gaban Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe na biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar. Ya koya, ya ɗauka a faifai, ya kai shi duniya kafin ya rasu a 2018. Da ya tsaya jiran kasafin kuɗi, da biram ya bi tsohon zuwa kabari.

Don haka ga abin da nake nema, kuma bai fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma a Ƙonni, Malbaza da Illela ba. A yi shela a gidajen rediyon gari cewa duk mai tsohon kaset ya kawo aro, ba kyauta ba. A samu na'ura ɗaya mai lafiya da kwamfuta ɗaya da matashi ɗaya da aka koya wa aikin, a juye sautin yadda yake ba tare da matsewa ba, a mayar wa mai kaya kayansa tare da kwafi. A ajiye abin da aka juye a wuri uku daban-daban. Sa'annan, kuma wannan shi ne zuciyar aikin, a tara tsofaffi maza da mata a sa musu su saurara, a rubuta abu biyar a kan kowane ɗauka: sunan makaɗin, garinsu, wanda ya koya masa, bikin da aka yi kiɗan, da shekarar ko abin da ya faru a shekarar. Na'ura za a iya saye ko badi. Tsohuwar da ta san hannun mai goge ba a sayen ta a kasuwa. A nemi iyalan makaɗan a san da su, a rubuta haƙƙinsu a ofishin kare haƙƙin mawallafa, kada gobe wani ya ci da gumin ubansu. A kuma rubuta wa gidajen ajiya na Faransa a nemi kwafin abin da aka ɗauka a ƙasarmu; wanda bai tambaya ba, ba zai ce an hana shi ba.

Wanda ya ce mutanenmu ba su damu da suna ba, ya tuna da albasa. Lokacin da wani kamfanin iri na waje ya nemi yi wa albasar Galmi rajista da sunansa a shekarun 2000, manoma da hukuma sun tashi tsaye suka ce sunan nan namu ne, aka kuwa ji su. Mun san darajar suna in akwai buhu da kuɗi a bayansa. Abin da ya rage shi ne mu yarda cewa mutumin da ya kwana yana goga izga a bikin iyayenmu, aka sallame shi da goro da ƴan sulalla, shi ma ya bar abin da ya cancanci a rubuta sunansa a kai.

Kaset ɗin kawuna yana nan, na juye shi, na ba wani gidan rediyo kwafi da roƙon su riƙa sa shi suna tambayar masu sauraro. Duk wanda ya gane hannun, don Allah ya aiko da sunan mai shi da garinsu. Akwai fili a jikin kwalin, ƙarƙashin kalmar da aka rubuta da biro, kuma na bar shi ne don wannan.